Shanshani, Kaska da Ƙwai Ɗari Uku

Shekara tara ina riƙe da Zauren Shanshani ban taɓa ba mutum amsar da ta ƙona masa kaya ba, sai ranar wata Talata da hantsi.

Kada wani ya zaci ƙwaro muke kiwo. Shanshani wani ɗan aisi ne baƙi, wato 'yar ƙwaƙwalwar da ake sa wa kayan lantarki, tsawonsa bai wuce gaɓa biyu ta yatsa ba, da ƙafafu ashirin da takwas, sha huɗu a kowane gefe. Kana haɗa shi da kwamfuta ka zuba masa karatu: in zafi ya kai kaza ka kashe fitila, in tanki ya cika ka tsayar da famfo. Daga nan zai yi ta yi, ba ƙorafi, ba neman hutu. Ni gyaran rediyo na sani, shekara arba'in ina yi. Da mutane suka daina kawo rediyo, abokina Dogo, wanda ya yi aikin wayar tarho har ya yi ritaya, ya zaunar da ni a gaban tsohuwar kwamfutarsa ya koya mini. Mu biyu muka buɗe zauren a intanet da mutum goma sha ɗaya. Yanzu mun haura dubu biyu: masu gyara, masu walda, ɗalibai, manoma, har da wani mai gidan burodi da ke sarrafa zafin tandarsa da shanshani, mutumin da nake buga misali da shi kullum.

Doka biyu na kafa tun ranar farko. Ta ɗaya, kada ka ba da amsar da ba ka gwada a teburinka ba. Ta biyu, shanshani kawai. Wanda ya kawo tambaya kan wani aisi daban in goge ta, in ya sake in goge shi. Ba mugunta ba ce. Na ga zaurukan da suka ce kowa ya zo da nasa. Yau in ka yi tambaya a can mutum ashirin za su amsa maka, babu ko ɗaya da ya taɓa riƙe abin a hannunsa.

Sai kaska ta shigo kasuwa. Ita 'yar mitsitsiya ce mai kusurwa huɗu, ƙafafunta a ƙarƙashin cikinta, tana manne wa allon na'ura kamar yadda kaska ke manne wa kunnen kare. An ce ta fi sauri, ta fi riƙe karatu, har tana aika saƙo zuwa waya ba da wata igiya ba. Ban taɓa riƙe ta ba, ban kuma nema ba.

Dogo ne ya sa ni a gaba. Kullum da safe sai ya zo shagona, wanda ke jikin gidana, ya zauna a kan tsohuwar sifika da na mayar kujera, ya sha shayina yana kushe shi.

"Tsoho," ya ce. Haka yake kirana, alhali ya girme ni da wata bakwai. "A buɗe ƙofar nan. Mutane sun koma kaska."

"Su koma. Zaure ba tasha ba ce."

"Nan da shekara biyar kai da mai burodi za ku rage, ku yi ta gaisawa."

"Mutumin kirki ne. Ba zan gaji da gaisuwarsa ba."

"To a jefa ƙuri'a."

"Da ƙuri'a ka koyi riƙe ƙarfen dalma?"

Ya kurɓi shayi ya yatsine fuska. "Wannan ruwan zafi ne aka nuna masa sukari daga nesa."

"Gidanku ba nisa."

Haka muke yi wata da watanni, ba wanda ya matsa.

Ranar Litinin wata tambaya ta shigo. Idona na sauka kan kalmar kaska na goge, ban ma duba sunan mai ita ba. Washegari, Dogo ya tafi faci da babur ɗinsa, sai ga saƙo daga wata sabuwar shiga mai kiran kanta Mai Ƙwai: "Shanshanina yana cikin injin ƙyanƙyashe ƙwai. Duk sanda makunnin fitilu ya yi ƙas, sai komai ya ɗauke ya dawo. A taimaka, akwai ƙwai a ciki."

Na ce ta ɗauki mita ta auna wutar da ke shiga masa. Ta dawo ta ce uku da ɗigo uku.

Har murmushi na yi. Abincin shanshani bolt biyar ne, yaro ma ya sani a zauren nan. Duk da haka na cika doka. Na ɗauko nawa, na rage masa wuta zuwa uku, ya fara layi kamar yadda ta faɗa. Na mayar masa biyar, ya miƙe garau. Sannan na rubuta mata: "Yunwa ke damunsa. Akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku kusa da shi, shi ke tauye masa abinci. Ki tsallake shi da 'yar waya, ki ba shi biyar ɗinsa cikakke."

Ban gama wanke kofuna ba waya ta yi ƙara.

"Baba, ni ce Mai Ƙwai. Na yi yadda ka ce."

"Ya daidaita?"

"Ya yi wani ɗan ƙara, ya yi hayaƙi kaɗan. Yanzu komai ya mutu, har fitilun."

"Shanshani ba ya hayaƙi a bolt biyar. Ƙafarsa nawa?"

Ta fara kame-kame.

"'Yata, ƙirga mini ƙafafunsa."

"Baba, ba a ganinsu sosai. Suna ƙarƙashi."

Ashe kaska ce. Na nemi sifikar Dogo na zauna.

Ta ce ƙwai ɗari uku ne, yau kwana goma sha biyu, saura tara su fashe. Nata sittin ne kawai, sauran na matan layinsu ne da suka amince suka kawo mata. In suka huce, 'yan tsakin da ke ciki sun mutu. Na tambayi inda take. Allah ya taimaka gari ɗaya muke, bayan layin dogo, kusa da babban tankin ruwa.

Ina cusa kaya a jaka uwargida ta leƙo ta ƙofar da ke tsakanin shago da gida. "Malam, ina zuwa da jaka, ga abinci a kan wuta?"

"Na ƙona wa wata baiwar Allah kaya."

"Kai?" Ta goge hannu a zaninta. "Tsaya in ɗauko kujera, ka sake faɗa a hankali."

Da ta ji ƙwai ne sai wasan ya tsaya. Ta taɓa kiwon kaji, ta san abin da sanyi ke yi. Ta shiga ta fito da bargonmu mai kauri ta ɗora mini a kafaɗa. "Ku lulluɓe injin. Kuma kada ku yi ta buɗe ƙofa kuna leƙe kamar 'yan kallo."

Dogo ya iso daidai lokacin. Na faɗa masa a taƙaice. Ya cire hula ya sosa kai.

"Ita kaska uku da ɗigo uku take ci. Biyar guba ce gare ta."

"Kai ta yaya ka sani?"

"Ana ji a gari. Hau mu tafi."

Mai Ƙwai mace ce da za ta kai shekara arba'in, gajeriya, da fensir a maƙale a bayan kunne. Ta kai mu wani ɗan ɗaki a bayan gida mai taga ɗaya. Injin tsohuwar firji ce aka huda ƙofarta aka sa gilashi. A ciki akwai tire huɗu cike da ƙwai, fitilu huɗu, da 'yar fanka irin ta kwamfuta. Yayanta ne ya haɗa mata kafin ya sami aiki a jirgin ruwa, inda waya ba ta samunsa sai ya sauka. Aikin ya yi tsabta, na yaba a zuciya. Kowane ƙwai da alamar fensir a jikinsa.

"Tauraro na mai ɗinki ne," ta ce. "Layi biyu na surukata. Mai zagaye na wata tsohuwa ne, kaza uku gare ta duk duniya, sati biyu tana tara waɗannan."

Wani ma'aunin zafi na gilashi yana rataye a ciki. Ya kamata ya nuna talatin da bakwai da rabi. Yana talatin da huɗu, yana sauka.

Muka lulluɓe firjin da bargo, muka bar gilashin a buɗe. Na zare wayoyin fitilu daga allon da ya mutu, na haɗa su da wani makunnin bango da ke jakata. Na danna, fitilu suka kama. Muka tsaya mu uku muna kallon jan layin nan har ya fara hawa.

"Yanzu sai a sami mai kashewa in ya kai talatin da takwas, ya kunna in ya sauko talatin da bakwai," na ce. "Kafin nan in dasa mata shanshani, ga shi a jaka."

Dogo ya sa tabarau ya duba allon. "Ba zai yiwu ba. Mai jin zafin nan da ɗan gilashin da ke nuna lamba duk dangin bolt uku ne. Ka ba su biyar su bi uwarsu. Sai dai ka sake komai daga farko, kwana biyu ke nan in ka sami kayan."

"Ana ji a gari shi ma wannan?"

"Zauna ka riƙe makunni, Tsoho. Ina zuwa."

Ya fita. Mai Ƙwai ta kawo mini wata 'yar kujera. Na zauna gaban firji, ido a kan ma'auni, yatsa a kan makunni. Talatin da takwas, ƙas. Talatin da bakwai, ƙas. Aikin da nake ba shanshani a layi shida na karatu, yau ni ke yinsa da gwiwoyina masu ciwo. Ba ya wuce minti huɗu tsakanin kunnawa da kashewa, ba damar ko miƙe ƙafa.

Da na ga zafi ya zauna, sai na juya gare ta, don laifi ba a barinsa ya kwana.

"'Yata, me ya sa kika yi mini ƙarya? Mai neman magani ba ya ɓoye ciwo."

Ta cire fensir daga kunne tana juya shi. "Jiya na faɗi gaskiya, Baba. Na rubuta kaska ce, na sa hoto, na faɗi kwanakin ƙwai. Ka goge. Yau na yi ƙarya ka amsa cikin minti biyu."

"Doka ce."

"Na karanta ta. Ni na zaci bambancinsu na suna ne, kamar kaza fara da baƙa. Babu inda dokar ta ce ɗaya na mutuwa da abincin ɗaya."

"Akwai wasu zaurukan."

"Na je. Wani ya ce in sayi sabon inji. Wani ya ce in tura masa hotona. An ce mini a zaurenka ne kawai ba a amsa abin da ba a gwada ba." Ta nuna gilashi da fensir. "Baba, ya kai takwas."

Ƙas.

Ta kawo mini ruwa na sha da hannun hagu.

Wajen ƙarfe ɗaya Dogo ya dawo da kwamfutarsa a jaka da wani gwangwanin madara. Ya buɗe murfin ya miƙo mini. Kaska ce a ciki, sun fi ashirin, kowace a 'yar ledarta.

"Tun yaushe?" na ce.

"Shekara biyu."

"Kana shan shayina."

"Shayin ne ya kore ni."

"Munafuki."

"Na karɓa. Amma akwai matsala." Karatun da yayanta ya zuba ya ƙone tare da tsohuwar. Shi kuwa Dogo, duk shekara biyun nan, abin da ya iya da kaska bai wuce kunna fitilar ƙofar gidansa daga waya ba, don ya burge jikokinsa. Karatun injin ƙwai bai taɓa rubutawa ba.

"Sai a tambayi zaure," ya ce.

"To tambaya."

"In na rubuta ka goge. Kai za ka rubuta."

Na dubi ƙwai. Na dubi masu zagayen nan na tsohuwa mai kaza uku, suna jere a tire na biyu. Na ce Mai Ƙwai ta karɓi makunni. Na ɗauki waya na rubuta da yatsa ɗaya, kamar yadda na saba: "Ina neman wanda ya taɓa gwada karatun injin ƙwai a kan kaska. Ni na ƙona ta da bolt biyar. Ƙwai ɗari uku na jira."

Ina ganin adadin waɗanda suka karanta yana hawa, tamanin, ɗari da ashirin. Sai wani mai walda ya rubuta: "An sace wayar Baba." Na amsa masa da cewa har yanzu bai gyara ƙasan injin ƙofar da na ce ya gyara bara ba. Ya ce, "Shi ne. Allah ya huci zuciyarka."

Daga nan saƙo ya ɓalle. Na farkon da ya fito fili mai burodi ne. "Baba, ka yafe mini. Tandata shekara guda ke nan kaska ce ke riƙe da ita."

Na miƙa wa Dogo wayar. "Karanta mini wannan, ko idona ne."

Ya karanta yana dariya har da riƙe ciki. "Tsoho, ba ka taɓa lura da yadda kowa a zauren nan yake da ƙani ba?"

Na lura. Na daɗe ina mamaki. Kusan kullum sai wani ya rubuta, shanshanin ƙanina ya ƙi kaza, shanshanin ƙanina yana zafi. Har na taɓa yin faɗa na ce ƙannen nan su shigo da kansu su daina aike. Ashe duk wanda ya ce na ƙanina, kaska yake nufi. Waɗanda suka sani sai su bi shi ta bayan fage su amsa masa, a bar ni ina ba ƙanin da babu shi shawara. Mai Ƙwai sabuwa ce, ba wanda ya sanar da ita. Ta ce nata ne, ni kuma na yarda.

"Mutum nawa?" na ce.

"Masu ƙani? Sun kai rabi."

Cikin masu amsa akwai wani mai kiwon kaji a wani gari mai nisa. Ya ce injinsa iri ɗaya ne, ƙyanƙyasa bakwai ya yi da karatun, ya turo shi. Dogo ya fara murna zai zuba a dasa. Na ce a'a. Doka ta biyu ta faɗi yau, ta ɗaya tana nan da ranta. Shi ya gwada a teburinsa, mu ba mu gwada a namu ba.

Kafin gwaji sai an cire matacciyar an manna sabuwa. Dogo ya ɗauki ƙarfen dalma, yana ta yawo da bakinsa a kan allo kamar mai yayyafa gishiri. Ƙafafun kaska bakinsu kawai ke leƙowa a gefe, sirara kamar gashin gira.

"Ajiye kafin ka ƙona ta biyu," na ce. "Je ka karɓi makunni. 'Yata, kina da dutsen guga na lantarki?"

Ta kawo. Na kifa shi a tsakanin bulo biyu, cikinsa na kallon sama, na ɗora allon a kai. Da dalma ta fara ƙyalli na sa hantsaki na ɗage matacciyar, ta taso salin alin. Na share wurin, na ɗaura gilashin ƙara girma a goshi, na zaunar da sabuwar. Sannan na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya da bakin ƙarfe, ina riƙe numfashi. Ban san kaska ba, amma dalma ta san ni. Na cire 'yar wayar da na sa ta ta tsallaka, na mayar wa ɗan mai ƙafa uku aikinsa.

Ina cikin haka na ɗaga ido. "Dogo, nawa ma'auni?"

Yana ba Mai Ƙwai labarin yadda ya taɓa hawa falwaya da macijiya a kai. Ya juya. "Talatin da tara."

"Kashe. Dafa su aka ce ka yi?"

"Minti ɗaya ne."

"Aikin da ɗan aisi ke yi ba albashi, kai da fansho ka kasa."

Saura ciwon asali, wanda ya kawo ta zaure tun farko. Da na bi wayoyin sai na gan shi a fili. Duk sanda makunnin fitilu ya yi ƙas yana fizgar wuta, ita kuma kaska ta suma ta farfaɗo. Wannan ba ciwon kaska ba ne, ba na shanshani ba ne, tun zamanin rediyo na san shi. Na ciro kwandensa daga jaka na dasa mata a gefe, ta riƙa ajiye mata ɗan guzurin wuta. Da na ga hoton da ta turo ranar Litinin, da abin da zan faɗa mata ke nan, a layi biyu.

Dogo ya zuba karatu. Muka gwada a kan tebur da fitila guda da kofin ruwan ɗumi. Muka tsoma mai jin zafi a ruwa, fitila ta mutu. Muka ciro shi ya huce, ta kama. Sau goma na sa aka yi, Dogo yana tsaki. Sannan muka mayar da allon cikin firji da sauri muka rufe ƙofa.

Ƙarfe biyar saura, makunni ya yi ƙas da kansa, lamba ba ta ɗauke ba. Talatin da bakwai da rabi. Muka zauna muka ji ƙas ɗin nan har sau shida. Da na tashi tsaye sai da su biyu suka kama ni, gwiwa ta ƙi miƙewa.

"Za su fashe, Baba?" ta ce.

"Ban gwada ba, ba zan amsa ba. Sai kwana tara."

Kwana taran nan zaure ya zama kasuwa. Wasu na cewa a buɗe wa kowane aisi, wasu na cewa kaska kawai a ƙara, wasu tsofaffin hannu na cewa in aka buɗe sun tafi. Ban sa baki ba, ban kuma goge komai ba. Kowace safiya kafin in buɗe shago nakan kira Mai Ƙwai in ji lamba. Uwargida ta ce ko lokacin da take da cikin ɗanmu na fari ban tambayi lafiyarta haka ba. Na ce ita ba ni na ba ta bolt biyar ba.

Ranar da ƙwai suka cika kwana ashirin da ɗaya muka koma ni da Dogo. Tun daga ƙofar gida muke jin kukan 'yan tsaki. Matan layi sun cika tsakar gida da kwalaye. Mai Ƙwai na tsaye da fensir tana rabo. Ɗari biyu da arba'in da takwas suka fito. Ta ce akan samu fiye da haka da kaɗan in komai ya tafi daidai. Ban ce sanyin ranar Talata ba shi da hannu a ciki ba, don ban sani ba. Tsohuwa mai kaza uku ta sami goma sha ɗaya cikin sha huɗu. Aka nuna mata ni aka ce ga mai gyaran. Ta yi ta sa mini albarka. Na buɗe baki in gaya mata wanda ya fara ɓata injin, Dogo ya taka mini ƙafa.

"Bar ta ta gama," ya ce a hankali. "Ba kullum ake sa maka ba."

Na bari ta gama, sannan na gaya mata. Ta ce to Allah ya ƙara mini albarka, tunda na dawo na gyara.

Washegari a shago muka zauna rubuta doka. Na ce ta biyu ta canza: kowa ya zo da aisin da yake da shi, amma layin farko na tambaya ya faɗi sunansa da wutar da yake ci, da hotonsa fuska a buɗe. Wanda ya sake cewa na ƙanina, ya kawo ƙanin mu gaisa. Ta ɗaya kuwa na ƙara mata nauyi: ba ka amsa tambaya kan aisin da ba ka taɓa riƙewa ba, ko kai wane ne, ko shekara nawa ka yi a zaure.

"Wannan da kai take," Dogo ya ce.

"Da ni take. Shi ya sa na rubuta ta."

"To kai yanzu kan kaska ba ka da baki."

"Na manna ɗaya, na kashe ɗaya. Kai fitilar ƙofa kawai ka kunna. Wa ya fi wani?"

"Sunan fa? Ya kamata ya koma Zauren Aisi."

"In aka taɓa sunan ka nemi wani wurin shan shayi."

Ya dubi kofinsa ya yi tunani, har na fara zaton zai yarda da cinikin. Sannan ya ce a bar sunan.

Mutum shida suka fita da suka ga sabuwar doka, cikinsu har da wanda muka fara da shi tun muna goma sha ɗaya. Na kira shi, bai ɗauka ba. Wannan ya dame ni, har yau yana damuna. Matacciyar kaskar kuwa na manna ta da gam a jikin mitata, daidai inda babban yatsa ke sauka.

Da yammacin ranar wata tambaya ta shigo daga wani mai gyaran famfo, da hoton wani aisi dogo siriri, ba shanshani ba, ba kaska ba, ban taɓa ganin irinsa ba. Ya manta bai cika layin farko ba. Yatsana ya tafi wajen gogewa da kansa, shekara tara ba wasa ba. Na janye shi na rubuta: "Wuta nawa yake ci?"

Uwargida tana tsaye a ƙofa da bargon da Mai Ƙwai ta wanke ta aiko. Ta leƙa wayar ta kafaɗata. "Ka san shi ne?"

"Ban san shi ba."

"To me za ka ce masa in ya amsa?"

"Ba abin da zan ce. Mutum dubu biyu ne a ciki, wani ya taɓa ƙona irinsa."